Shekarar da Na Kwana a Bakin Teku

Kun sha jin Gwaggonku Balki tana faɗa, duk sa'ad da hira ta biyo ta kan zamana a Dakar, wai teku ce ta shiga kaina har na ƙi amsa kiran mahaifinmu. Takan faɗa tana dariya, ku ma ku yi dariya, ni kuwa in yi shiru, don tun muna yara ban taɓa cin Balki a gardama ba. To yanzu da na ajiye aiki, gwiwa ta fara ƙin tashi, na ga gara in zauna in rubuta muku yadda abin ya faru. Akwai gaskiya a maganarta, sai dai ba ta cika ba. Kwana ɗaya tak na yi a bakin teku a shekarar nan, kuma ba shaƙatawa ce ta tsayar da ni ba.

Kakanku Alhaji Mamman ɗan kasuwa ne tun tasowarsa. Rumfarsa ta atamfa tana cikin kasuwar Illela, amma rabin rayuwarsa a kan hanyar Ƙonni ta ƙasar Nijar ya yi ta, ya kai wake ya dawo da yadi, aljihun dama naira, na hagu sefa. Kakarku Inna Hajo kuwa Bafillatana ce daga wata ruga a bayan Lafani. Ni ne ɗanta na fari, don haka har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba. Duk hutun damina a rugar yayanta Kawu Jabbi nake yin sa, a can na koyi Fulatanci da tatsar nono da gane saniyar da ba ta jin daɗi tun daga yadda take tsayuwa. Faransanci kuma na tsince shi a Ƙonni, inda Baba ya ajiye ni wajen wani abokin cinikinsa na 'yan shekaru ina yaro. Wannan guntun Faransancin ne ya sa da aka tashi tura ɗalibai karatun likitan dabbobi a ƙasar Sanagal aka sa sunana. Baba bai so ba, bai kuma hana ba. Cewa ya yi in je in gani.

Na je na gani kuwa. Ashe Faransancin da ake cinikin albasa da shi a Ƙonni daban, wanda malami yake zubawa a aji daban. Zan zauna a gaba in kafa wa malami ido, in ji kalma ɗaya in rasa biyar. In an yi tambaya na san amsarta a cikina, amma kafin in haɗa jimlar wani ya riga ni, in kuma na buɗe baki aji ya kwashe da dariya saboda lafazina. Sai na daina buɗe bakin gaba ɗaya. Jarrabawar farko na faɗi warwas. Abincinsu shinkafa da kifi ne rana da dare, ni da na tashi da fura da tuwon gero. Teku ta kewaye garin ta kusan kowane ɓangare, amma ban taɓa zuwa kusa da ita ba, sai dai in hango ta daga tagar mota in kawar da kai. Mutumin da babban ruwan da ya sani shi ne tafkin da shanu ke sha a bayan ruga, me zai kai shi wurin ruwan da ba a ganin ƙarshensa?

Mutum uku ne suka sa ban haukace ba. Haruna ɗan Madawa ne a Nijar, ɗakinmu ɗaya, da shi kaɗai nake Hausa. Modu ɗan ƙasar ne, dogo siriri, kansa kamar littafi, duk abin da malami ya faɗa sau ɗaya ya zauna masa. Sai Kosi, Kirista daga Togo, gajere mai faɗin ƙirji, wanda bai iya zama wuri ɗaya ba sai yana gyara wani abu, ko rediyo ko ƙafar kujera.

Ana cikin haka wani Bahaushe mai fataucin kayan fata ya iso Dakar da saƙo daga gida. A zamanin ba waya a hannun kowa, kaset ake ɗauka a tara mutanen gida kowa ya yi magana. Na sa shi a rakodar Haruna, sai ga tsakar gidanmu gaba ɗaya ta shigo ɗakin, har da kukan zakara da ƙarar turmi. Baba ne ya fara, bayan ya yi gyaran murya sau biyu.

"Bello, ni na, babanka. Muna lahiya, sai godiya ga Allah. Abin da yas sa nika yi maka magana, idona na dama ya hwara hazo, na hagu ma yana biye. Ba ni iya bin hanyar Ƙonni awa da. Ka dawo gida ka kama rumhwa. Wanga karatun dabba, kawunka Jabbi bai tahi Dakar ba, kuma shanunai suna haihuwa kowace shekara."

Daga nan aka ji ana lallashin Inna ta matso. Da ƙyar ta yarda, muryarta can nesa.

"A gaya ma mutumin can ya riƙa cin abinci. An ce kihi ɗai aka ci can."

Kaka Tumba, uwar Baba, ita ta ɗauka ina cikin rakodar ina jin ta. Ta yi sallama ta tsaya jiran amsa.

"Bello? Bello! Ku ji min ɗan nema, ya yi shiru. Ku ce mai ya amsa mana."

Gidan ya ɗauki dariya, ta Balki ta fi ta kowa. Na ƙarshe shi ne Baffanku Isa, lokacin yana tsakiyar sakandare. Ya yi maganarsa da sauri kamar ana korar sa.

"Yaya, ni nac ci na ɗaya ga lissahi. Malam ya ce in na dage sai na zama malami awa shi. Ka sawo mini agogo."

Zan gaya muku gaskiya, da kaset ɗin ya ƙare, abin da na fara ji a raina sauƙi ne. Ga ƙofa ta buɗe mini. Ba wanda zai ce Bello ya kasa karatu, sai dai a ce Bello ɗa ne nagari, ubansa ya kira ya amsa. A daren na gaya wa Haruna cewa in hutun da ke tafe ya zo zan kama hanya. Washegari Modu da Kosi suka ji. Ba wanda ya yi mini gardama, don duk sun ga yadda na rame. Modu ne kawai ya daɗe yana kallona, sannan ya ce da Faransancinsa mai sauƙi, wanda yake ragewa saboda ni:

"Ka zo ƙasarmu ka koma ba ka taɓa teku ba? In mutanenku suka tambaye ka me za ka ce musu? Ranar Asabar za mu ƙauyen innata. A bakin ruwa za mu kwana, mu yi maka ban kwana yadda ya kamata."

Na so in ƙi, Haruna ya ce in na ƙi shi ma ba zai je ba, shi kuma yana so ya je. Haka na bi su.

Kosi ya aro wani tsohon tanti kore a cocinsu, mai warin ruma. Muka ɗauki tabarma biyu da butar shayi da rakodar Haruna, muka shiga wata motar haya da aka cusa mutane da kaji da buhunan shinkafa, muka yi kudu. Rana ta karkata kafin mu isa. Innar Modu, wata ƙatuwar mata mai yawan magana, ta dube ni sama da ƙasa ta faɗi wani abu da yarensu, kowa ya yi dariya. Modu ya ce wai cewa ta yi wannan in iska ta taso sai an ɗaure shi a jikin bishiya. Ta cika mana kwando da ɗanyen kifi da albasa da burodi, ta nuna mana hanya. Muka ratsa wasu dogayen itatuwa masu ganye kamar gashi, muka hau wani tudun rairayi. Tun kafin in gan ta nake jin ta, wani irin ruri kamar hadari yana tahowa amma bai iso ba. Da muka kai saman tudun sai ƙafata ta tsaya da kanta. Na san fili, a daji na tashi, amma kowane fili da na sani yana da iyaka, ko bishiya ko gari ko dutse. Wannan ba shi da komai sai ruwa har inda sama ta sauko ta taɓa shi, kuma duk yana motsi. Ban san sa'ad da na fara salati ba.

Kafa tantin ya zama abin kallo. Turaku ba sa kama rairayi, mu buga nan can ya tsinke, sau ɗaya iska ta ɗauke shi ɗungurungum muka bi shi da gudu kamar masu kamun akuya. A ƙarshe Kosi ya cika wasu tsofaffin buhuna da yashi ya ɗaure igiyoyin a jikinsu. Ni aka bar wa shimfiɗa, na zaɓi wuri mai laushi kusa da ruwa na baza tabarmi na jera burodi. Modu ya tafi neman itace, ba wanda ya gaya mini cewa teku tana tafiya tana dawowa. Muna cikin hura wuta sai ga wani harshen ruwa ya lallaɓo ya ɗauke tabarma ɗaya da rabin burodin. Na yi tsalle ina ihu da Hausa cewa ruwa ya biyo mu. Kosi ya yi dariya har ya kwanta a ƙasa.

Da magariba ta yi na tambayi Haruna ko alwala tana yiwuwa da ruwan gishiri. Ya ce tana yi, malaminsu ya karantar da su. Na tsuguna a inda kumfa ke ƙarewa na ɗebo na kurkure baki, na tofar da sauri, idona ya kawo ruwa. Muka yi salla mu uku a kan tabarmar da ta rage, Modu ya ja mu, Kosi yana zaune a gefe yana korar ƙananan kaguwa daga kifinmu. Bayan nan ya gasa kifin da albasa da barkono, kuma a ranar na fara gane cewa kifi abinci ne. Modu ya dafa shayinsu mai kumfa. Sama ta yi ja, sannan ta yi shuɗi mai duhu. Kosi ya miƙo mini kofi ya ce:

"Bello, tambaya ɗaya. Kasuwar kake so, ko gajiya ka yi da mu?"

Na ce masa mahaifina ne ya kira ni. Ya ce ba abin da ya tambaye ni ke nan ba. Na shanye shayin na mayar masa da kofin. Muka shige tanti muka kwanta kamar kifin gwangwani, na yi barcin da rabona da irinsa tun ina gida.

Kukan shanu ne ya tashe ni da asuba. Na ɗauka mafarki nake ina rugar Kawu Jabbi. Na leƙo waje, sai ga shanu farare masu dogayen ƙaho suna tsaye a kan rairayi, teku a bayansu, wasu suna lasar ƙasa. Bayan mun yi salla na kasa haƙuri, na bi su. A bayan tudun, ƙarƙashin itatuwan nan, na tarar da wani dattijo da malafa yana tsugune, yana wasa wuƙa a kan dutse. A gabansa wata saniya ce kwance a gefenta tana nishi, ƙafafu biyu na ɗan maraƙi sun leƙo, babu kai. Da ganin fuskarsa da sandarsa na san Bafillatani ne. Ban yi tunani ba na gaishe shi da Fulatanci:

"Jam waali?"

Ya ɗago da sauri ya dube ni, ni da wandon Turawa da singileti.

"Jam tan," ya ce. Sannan ya tambaye ni ɗan wane ne ni, daga ina.

Fulatancinsu ya bambanta da namu, amma in ya ja magana a hankali ina ganewa, shi ma yana gane ni. Sunansa Samba. Ya ce tun jiya take naƙuda, ya ja ya ja abin ya ƙi. Fari ya cinye masa garke, waɗannan 'yan da nake gani su ne suka rage, wannan kuwa ita ce uwar garken, ita ke ciyar da jikokinsa da nono. Yanzu so yake ya yanka ta tun da sauran rai, kada ta zama mushe ya yi asara biyu. Na taɓa ganin irin wannan a rugar Kawu ina yaro. Ƙarti huɗu suka ɗaura igiya suka ja har saniyar ta yage, aka rasa uwa aka rasa ɗa, Kawu ya yini bai ci abinci ba. Na ce wa Samba don Allah ya ajiye wuƙar ya ba ni ɗan lokaci, mu ɗaliban likitan dabbobi ne. Na juya da gudu ina ƙwala wa su Modu kira.

Abin da ya faru daga nan shi ne dalilin wannan rubutu. Modu ya duba sau ɗaya ya ce kan maraƙin ne ya lanƙwashe baya, an yi mana darasinsa, har ya faɗi ranar. Ni ina ajin a ranar, na ga zanen a allo, amma ban gane bayanin ba. Ya ce ba a ja, sai an fara tura ɗan ciki tukuna a sami wuri, sannan a lalubo bakin a juyo da kan. Amma da aka ce wa zai sa hannu, sai Modu ya ja da baya. A birni ya tashi, bai taɓa taɓa saniya mai rai ba sai a hoto. Haruna ɗan malamin makaranta ne, Kosi ɗan masunci. Ni kaɗai ne hannuna ya san cikin saniya. Kosi ya kawo sabulun wankanmu da bokitin ruwa, na shafe hannu da sabulu har kafaɗa, na yi bismilla na kwanta a rairayi. Haruna ya riƙe wutsiya, Samba ya danne kanta yana yi mata magana a kunne. Modu ya tsuguna a kaina yana faɗa mini abin da zan tarar, ni kuma ina gaya masa abin da yatsuna suke ji. In ta yi yunƙuri sai ta matse mini hannu har in ji kamar ƙashin zai karye, in jira ta saki, in ƙara turawa kaɗan. Na daɗe ina lalube kafin in ji kunne, sannan ido, sannan hanci. Modu ya ce in rufe haƙoran da tafin hannuna kada su yanki mahaifa. Na tallabo bakin na juyo shi a hankali, a hankali, sai na ji kan ya faɗo kan ƙafafun kamar an sa shi a mazauninsa.

Muna bukatar igiya mai laushi, ta Samba ta yi kaushi. Kosi bai tambayi kowa ba ya ruga ya yanko igiyoyin tantin cocinsu, muna hango tantin ya durƙushe. Muka ɗaura a ƙafafun. Ina faɗa wa Kosi da Modu su ja, su tsaya, su yi ƙasa-ƙasa, su jira ta yi yunƙuri, ina juyawa in gaya wa Samba da Fulatanci abin da muke yi, in yi wa Haruna tsawa da Hausa. Sai daga baya Haruna ya gaya mini cewa tun da ya san ni bai taɓa jin na yi Faransanci mai yawan na safiyar nan ba, kuma ba wanda ya yi dariya. Maraƙar ta sulluɓo gaba ɗaya ta faɗo a cinyata, mace ce, amma ba ta motsi. Na share mata hanci da baki, Samba ya tsinko ciyawa ya sosa mata cikin hanci, ya watsa mata ruwa a kunne. Sai ta yi atishawa ta girgiza kai. Kosi ya yi wani irin ihu ya rungume Modu suka faɗi tare. Can uwar ta ɗago kai ta yi wani ƙaramin kuka, muka jawo mata 'yar gabanta ta fara lasa.

Samba ya mayar da wuƙarsa kube. Bai yi godiya da yawa ba, irin nasu. Ya je ya tatso wata saniya ya kawo mana nono a ƙwarya, ya tsaya har muka shanye. Sannan ya kama hannuna ya ce:

"Kai ɗanmu ne. A ƙasarku akwai masu irin wannan aiki da yawa?"

Na ce masa babu, a duk yankinmu ban san ko ɗaya ba da ke shiga ruga.

"To ka yi sauri ka gama ka koma musu," ya ce.

Jikina duk jini da majina. Na gangara bakin ruwa don in wanke, ina tafiya ina tunani, ban farga ba sai da ruwa ya kawo mini ƙirji. Igiyar ruwa ta ɗaga ni ta sauke, ban ji tsoro ba. A nan na san amsar tambayar Kosi. Ba kasuwa nake so ba, kuma ba karatun ne ya fi ƙarfina ba, harshe ne kawai, harshe kuwa ana koyonsa. Na fito na ce wa Haruna ya ba ni rakoda da sabon kaset. Ya dube ni ya gane. Kafin ya miƙo mini sai ya riƙe ta, ya ce:

"Bello, ka san in ba ka koma ba wani za a sa a rumfar nan. Ka san kuma ko wane ne."

Na sani. Mu biyu ne maza a gidan. Na zauna a kan tantin da ya rushe na daɗe rakodar tana hannuna. Ina so ku san wannan sosai, ban yanke shawarar nan cikin rashin sani ba. Na ga fuskar Isa, na ga ta Kawu Jabbi ranar da ya rasa saniyarsa, na ga rugage daga Lafani har Darna da babu mai zuwa musu. Na danna na yi magana da harshen gida.

"Baba, ni na, Bello. Na ji saƙonka, Allah ya ba ka lahiya. Ina roƙon ka yi mini gahwara, ka bar ni in ƙare wanga karatu. Ba ƙin rumhwa nika yi ba, kuma ba raina kiranka niy yi ba. Na ga abin da zan iya yi ma mutanenmu, in na baro shi yanzu ba ni ƙara samu nai. In na ƙare, Illela zan dawo, ba wani wuri ba."

Amsa ba ta zo ba. Kaset ɗin da ya biyo baya muryar Inna ce da ta Kaka da ta Balki, babu Baba, babu Isa. Balki ce ta faɗa a ƙarshe, a gaggauce, cewa an cire Isa daga makaranta ya kama rumfa. Haka aka yi ta yi har na gama, Baba bai ƙara yi mini magana ba. Na sayi agogon na aika, ban ji ko ya isa ba. Su Modu kuwa suka ɗauke ni kamar aikin gayya. Kullum bayan la'asar Modu zai maimaita mini darasin ranar da Faransanci mai sauƙi, Kosi ya sa ni in karanta da ƙarfi yana gyara mini lafazi yana tsokanata, ni kuma ranar da aka kai mu gonar makaranta in nuna musu yadda ake kayar da sa ba tare da an ji ciwo ba. Na sake jarrabawar na ci. Ban taɓa zama na ɗaya ba, amma ban ƙara faɗuwa ba.

Da na dawo Illela na tarar idon Baba ya kusa rufewa. Na durƙusa a zaure na gaishe shi, ya amsa kamar yana amsa wa baƙo. Wata da watanni muna haka. Abin da ya sauko da shi ba maganata ba ce, maganar mutane ce. Ranar kasuwa Fulani sukan biyo ta zaurensa daga kara, wurin cinikin shanu, su gaishe shi, wannan ya ce ɗanka ya ceci shanuna daga ciwon huhu, wancan ya ce ɗanka ya kwana a rugarmu. Wata rana ina wucewa da jakata ya kira ni.

"Bello, zo nan. Wanga kukan da nika ji bayan muryarka cikin kaset, awa iska awa hadari, mi na ne?"

Na ce masa teku ce. Sai ya matsa mini wuri a kan buzunsa ya ce in zauna in ba shi labarinta. A ranar muka shirya.

Na Isa ya fi wuya. Ya zama cikakken ɗan kasuwa, rumfa ɗaya ta zama uku, amma tsakanina da shi sai gaisuwa. Sai da aka haifa masa 'yarsa ta fari, Nana, na same shi a rumfa bayan an watse, na ce masa na san abin da zamana a Dakar ya ci masa. Yana ninke atamfa bai ɗago ba.

"Yaya, na yi hushi da kai shekara da shekaru," ya ce. "Kullum in na ga yara sun taso makaranta sai in juya baya. Yanzu ya wuce, kasuwa ta karɓe ni. Amma abu guda nika so. Ɗiyana, maza da mata, kai ka riƙe karatunsu. Ni ban san hanyar ba, kai ka sani. Kada a hidda ko guda."

Na ce na ɗauka. Shi ya sa kuka tashi da 'ya'yan Baffanku a gida ɗaya, kwano ɗaya, shi ya sa in sakamako ya fito nake fara duba nasu kafin naku, abin da na san ya sha ɓata muku rai kuna yara. Ba fifiko ba ne. Kuma ba a cire ko ɗaya ba.

Nana ta zaɓi koyarwa da kanta, ba wanda ya sa ta. Makon da aka tura ta makarantar Amarawa, Isa ya zo gidana da sassafe cikin babbar riga ya ce in raka shi. Na ɗauka gaisuwa za mu kai wa shugaban makarantar. Da muka isa sai ya wuce ofis, ya nufi ajinta kai tsaye, ya yi sallama, ya tattare rigarsa ya zauna a bencin baya tsakanin yara biyu, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Nana ta daburce, alli ya faɗi daga hannunta.

"Baba, lahiya?"

"Lahiya lau, Malama," ya ce. "Ci gaba da darasinki. Lissahi na, ko?"

Ta ce lissafi ne. Ta rubuta tambaya a allo, ta juyo ta ce wa zai gwada. Ina tsaye a bakin taga na ga Alhaji Isa, da furfurarsa da komai, ya riga kowa ɗaga hannu.